Baƙin da Alfari Ya Kankare

Akwai wani mutum a garin Gaya, zamanin da Nasara suka fara zama a bakin kogin Kwara, ana kiran shi Alfari. Ɗan Malam Yakuba ne, wani dattijo mai makarantar allo a unguwar masunta, wanda duk garin aka san shi da iya haɗa tawada. Alfari yana da wa guda ɗaya, Siddo, masunci mai kwalekwale. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma Siddo ne ya riƙa goya shi a baya bayan mahaifiyarsu ta rasu.

Alfari ya bi sojojin Faransa shekara biyar, ya dawo da Faransanci a baki da jar dara a ka. Aka ɗauke shi tafinta a bariki. Tun daga ranar tafiyarsa ta canza. In ka gaishe shi ya amsa, sai ka ce alfarma ya yi maka. Siddo kuwa dariya kawai yake yi, yana cewa, “Ku bar mini ƙanena. Kowa ya iya maganar Nasara a gidanku, shi ma ya ɗaga kai.”

Wata shekara sai ga wani Bature ya zo bariki. Aikinsa auna iyakar ƙasa ta hanyar duba taurari, don haka mutanen Gaya suka sa masa suna Mai-Taurari. Yana da wani dogon bututu na tagulla, da madubi a bakinsa da akwatin hoto a gindinsa. Ya kan saita shi sama, ya saka gilashi a akwatin, ya jira. Washegari ya wanke gilashin a ruwan magani, ya fitar da hoton a takarda, sai ka ga taurari ɗis ɗis a kan baƙi.

Aka haɗa shi da Alfari don ya riƙa yi masa tafinta da kula da kayansa. Girman kan Alfari ya ninka biyu.

A kwanakin ne wani tauraro mai wutsiya ya fara fitowa ta yamma bayan Magariba. Mai-Taurari ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce wanda ya gan shi yanzu ba zai ƙara ganinsa ba, kuma kwanaki kaɗan zai yi ya ɓace. Burinsa duka ya ɗauki hotonsa.

Kafin nan sun je Tunuga aune-aune, kuma Siddo ne ya kai su ya dawo da su a kwalekwalensa, da bututun cikin akwatinsa. Suna dawowa zazzaɓi ya kwantar da Mai-Taurari kwana biyu. Ya ce wa Alfari ya kaɗe ƙurar kayan ya ajiye, iyakar abin da ya ce ke nan.

Amma Alfari ya ga dama ta samu. Ya sa aka ɗauko bututun har ƙofar gidansa, ya shimfiɗa tabarma a gindin giginya don maƙwabta su gani. Ya ce zai sa shi ya yi ƙyallin da ko a Faransa bai taɓa yi ba. Ya kawo toka da ruwan tsamiya, irin yadda mata ke wanke tasa da mundayen tagulla, ya goge bayan bututun har yana ɗaukar ido.

Da ya tsaya nan, da ba a ji wannan labarin ba.

Sai ya warware madubin bakin, ya leƙa ciki. Ya ga cikin baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya kwashe da dariya, ya ce, “Ashe Nasara ma akwai ƙazanta! Waje fes, ciki dauɗa.”

Ya naɗa tsumma a kan gora, ya tsoma a toka da yashi, ya zura ciki ya fara darza.

Daidai nan Malam Yakuba ya iso da sandarsa. Ya tsaya ya kalla, ya sunkuya ya sa yatsa cikin bututun ya shafa, ya duba yatsan. Ko ɗigon baƙi bai kama shi ba.

Ya ce, “Alfari, dakata. Wanga baƙi ba dauɗa ba ne. Dauɗa tana kama hannu. Wanga shafa shi anka yi, kuma hannun gwani ya shafa shi. Ba a wahalar baƙanta abu a banza.”

Alfari ya dubi maƙwabtan da suka taru, ya dubi mahaifinsa, ya ce, “Baba, wannan ba allo ba ne. Kayan Nasara ne. Shekara biyar ina cikinsu. Ka bar kowa da abin da ya sani.”

Wasu samari suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Dattijon ya juya. Ya ɗauki sandarsa ya koma gida. Alfari kuwa ya darje cikin bututun tas, har in ka leƙa kana ganin hasken rana yana wasa a ciki. Ya mayar da madubi, ya mayar da kayan bariki yana jiran yabo.

Mai-Taurari ya samu sauƙi. Bayan Magariba ya saita bututun, ya ɗauki hoto. Da safe ya fitar, sai ga wani farin hazo ya lulluɓe takardar, da wani zobe na haske a tsakiya. Babu tauraro, babu wutsiya. Ya sake washegari, haka nan. Hasken wata da na wutar da mata ke hurawa a bakin kogi suna shiga ta gefe, su bugi tagullar da ke ƙyalli, su yi ta tsalle a ciki har su faɗa kan gilashin hoto su ɓata shi. Dama aikin baƙin fentin ke nan, ya shanye duk hasken da ba a gayyata ba.

Ya warware madubin ya leƙa. Fuskarsa ta yi ja. Ya daka wa Alfari tsawa ya ce ina fentin da ke ciki ya tafi?

Jama’a, nan ne wurin da kalma uku za ta ƙare magana: “Ni na yi.” Da an zage shi, wataƙila a karɓe jar darar, shi ke nan. Amma Alfari ya tuna samarin da suka yi dariya a gindin giginya, ya tuna yadda za su yi masa in suka ji. Sai bakinsa ya ce, “Ranar da muka dawo daga Tunuga, ruwa ya shiga kwalekwale. Ina jin shi ya jiƙa fentin ya ɓare.”

Yana zaton za a zagi kogi a wuce wurin. Bai san Mai-Taurari zai kai ƙara gaban kumandan, shugaban bariki, ba.

Kafin azahar gardawan bariki biyu, wato dogaran Nasara, sun taso Siddo daga bakin ruwa, wandonsa ma a jiƙe. Kumandan ya tambaya ta bakin tafinta, kuma tafintan bariki guda ɗaya ne.

Siddo ya ce, “Ka hwaɗa mishi, wallahi ko ɗigo bai taɓa akwatin ba. Bisa cinyata na ɗora shi wurin da ruwa ke da ƙarfi. Kai ma kana ciki, ƙanena, ka gani.”

Alfari ya sunkuyar da kai. Ya juya ga kumandan, ya ce da Faransanci, “Ya ce kuskure ne, a yi masa haƙuri.”

Kumandan ya yanke: wata uku a aikin hanyar Doso, fasa marmara da ɗaukar dutse.

Da za a fita da shi, Siddo ya dafa kafaɗar Alfari ya ce, “Na ga ka roƙa mini, Allah shi yi maka albarka. Kar ka damu, na san ba za ka bar ni can ba. Ka duba mini Bibata da yara.” Bibata ita ce matarsa, tana da goyo da wasu biyu ƙanana.

Wallahi duk lokacin da na zo wannan wurin a labarin, sai zuciyata ta karye.

Labari ya kai wa Malam Yakuba. Shi ya ga abin da ya faru da idonsa, don haka ya ɗauki sandarsa ya tafi bariki zai faɗi gaskiya. Amma da wane baki? Kumandan ba ya jin Hausa, ba ya jin Dendi. Gardi ya ce sai tafinta ya shigar da shi. Kwana uku dattijon yana zama a ƙofar bariki cikin rana. Kwana uku Alfari yana bi ta ƙofar baya don kada su haɗu. A na huɗu ƙafafun malam suka kumbura, ya kasa fitowa.

A ciki kuwa, Mai-Taurari yana ta fama. Fenti irin nasa sai an aiko daga Faransa, wata da watanni, tauraron kuma kullum ƙara dusashewa yake. Ya kanga bututun a kan fitila don hayaƙi ya baƙanta shi, baƙin ya riƙa zubowa kan madubi. Ya shafa man takalmi, ya bushe yana ƙyalli. Alfari ya sayo baƙin yadin turkuɗi aka liƙa a ciki, ya manta cewa turkuɗi don sheƙinsa ake sonsa. Hoto ya fito da hazo kamar jiya.

Alfari ya san inda maganin yake. Tun yana yaro yake ganin baƙin da ba ya ƙyalli a kan allunan gidansu. Amma zuwa wurin Baba yana nufin ya tsaya gaban mutumin da ya gan shi da gora da tsumma a hannu. Kullum sai ya ce gobe. Da safe in zai tafi aiki, Bibata tana tsaye a bakin zaure da goyo, tana cewa, “Baban yara, an ce komi? Yaushe za su sako shi?” Sai ya ce ana nan ana ƙoƙari, ya ƙara sauri.

Haka aka ci kwana goma sha ɗaya. Abinci ya daina shiga masa. Ya rame har jar darar tana yi masa yawa.

Ranar sha biyu da hantsi ya shiga zauren mahaifinsa, ya cire darar, ya durƙusa. Ya ce, “Baba, na zo.”

Malam Yakuba ya dube shi. Ya ce, “Don Nasara ka zo, ko don Siddo?”

Alfari ya fashe da kuka, babban mutum da gemu. Ya ce, “Ni na kankare. Ni na ce ruwa ne. Ni na juya maganar Yaya gaban kumandan. Baba, ban san yadda zan yi ba.”

Dattijon ya ce, “Kwana goma sha biyu ina jiran wagga magana. Tashi ka ɗauko mini tukwanen gidan nan duka. Zan haɗa, amma da bakinka za ka hwaɗa musu, kuma kafin a shafa, ba bayan an ga ya yi kyau ba.”

Suka kankaro baƙin gindin tukwane. Malam ya tankaɗe shi da ƙyalle har ya yi laushi kamar kwalli, ya jiƙa ƙaro ya tace. Alfari ya miƙa hannu zai ƙara ƙaron don ya kama da kyau, malam ya buge hannun.

Ya ce, “Nan ne gaggawa ke ɓata tawada. In ƙaro ya yi yawa, tana bushewa ta yi ƙyalli, yaro ya ɗaga allo a rana bai ganin baƙi ko guda. In ya yi kaɗan, ta zube. Ana son wadda in rana ta hau ta, sai ta haɗiye ta.”

Ya shafa a kan wata tsohuwar tasa, ya bari ta bushe, ya fita da ita rana ya karkata. Ta ɗan yi sheƙi. Ya ƙara baƙi ya sake. Sai a karo na huɗu ya ce ta yi.

Aka ɗora malam a kan jaki zuwa bariki. A gaban Mai-Taurari da kumandan, Alfari ya tsaya ya faɗi komai da Faransancin da yake taƙama da shi. Bai rage ko ɗaya ba. Kumandan ya miƙa hannu ya karɓe darar, ya ce daga yau ba shi ba bariki. Mai-Taurari kuwa kunya ta kama shi, don ya san da ya ƙara bincike da ba a ɗaure mutum a kan maganar mutum ɗaya ba.

Alfari ya ce, “Na yarda da duk hukuncin da za a yi mini. Takardar sakin yayana kawai nake roƙo.”

Kumandan ya ce sai ya ga aikin tsohon ya yi tukuna, don ya gaji da jin labari daga bakin Alfari.

Malam Yakuba ya zauna a ƙasa, ya naɗa auduga a kan siririn kara, ya shafa tawadar a cikin bututun a hankali. Sau uku ya shafa, kowane sai ya bushe. Ya ɗaga shi ya saita bakin ƙofa inda rana ke haskawa, ya leƙa, ya ga wani ɗan wuri kusa da baki yana walƙiya, ya sake bi. Sannan ya miƙa wa Mai-Taurari. Baturen ya leƙa, ya ga duhu kamar cikin rijiya. Ya cire hularsa a gaban tsohon.

Bayan Magariba aka ɗauki hoto. Da safe takarda ta fito baƙa wuluk, taurari ɗis ɗis, ga mai wutsiyar nan a tsakiya da jelarsa har ƙarshe. Mai-Taurari da kansa ya je ya tsaya a kan kumandan har ya sa hannu a takardar sakin Siddo.

Alfari bai tsaya ko shan ruwa ba. Ya cusa takardar a aljihu ya kama hanyar Doso da ƙafa. Da ya bi ta ƙofar gida ya ce wa Bibata, “Ki dafa mishi abin da ya fi so, nan da kwana huɗu muna nan tare.” Ta yi guɗa, yara suka hau tsalle.

Kwana biyu yana tafiya. Da la’asar ya isa wurin da ake fasa marmara, ya miƙa wa gardi takarda yana haki. Gardin ya juya ta, ya kira wani mutumin Bengu mai suna Amadu, wanda aka ɗaura wa igiya ɗaya da Siddo. Ya ce, “Kai shi.”

Amadu ya wuce gaba, Alfari na bin shi. Suka wuce bukkokin ma’aikata, ba su tsaya ba. Suka wuce wurin dafa abinci. Sai da suka kai gindin wani kalgo Amadu ya tsaya, ya nuna wata sabuwar ƙasa da aka jera wa ƙaya a kai.

Ya ce, “Jiya da hantsi munka rufe shi. Mutumin ruwa ne, ranar tudu ta fi ƙarfinsa. Zawo ya kama shi kwana huɗu, ga dutse a kai.”

Alfari ya zube a wurin.

Amadu ya tsuguna kusa da shi ya ce, “Kai ne ƙanen nashi na bariki, ko? Kullum maganarka shi kai. In mun ce ya ci abinci, sai shi ce mu ci mu da za mu daɗe, shi ƙanensa na nan tafe da takarda. Ko shekaranjiya da ba ya iya tashi, sai da ya sa na juya shi ya fuskanci hanyar Gaya. Ya ce kar ka zo ka tarar ya ba ka baya.”

Alfari ya ƙirga da yatsu. Ba sai an gaya masa ba. Da ya shiga zauren Baba ko da kwana biyu kafin ranar da ya shiga, da ya tarar da yayansa da rai. Ya kifa fuskarsa a kan ƙasar kabarin yana cewa, “Yaya, ni ne. Ni na yi. Yaya, ni ne.” Amma wanda ya kamata ya ji ya riga ya tafi yana sa masa albarka.

Ranar da ya shigo Gaya, yaran Siddo ne suka fara hango shi. Suka ruga da gudu, suka wuce shi, suna leƙa hanya a bayansa. Bibata ta fito da ludayi a hannu tana murmushi, ita ma bayansa take kallo. Da ta ga ba kowa, ta dubi fuskarsa, ludayin ya faɗi.

Malam Yakuba yana zaune a bakin zaure. Ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un.” Hawaye suka bi gemunsa. Can ya ce, “Ni na yafe maka nawa, Alfari. Na Siddo kuwa, sai kun haɗu.”

Alfari ya ɗauki kwalekwalen yayansa, ya koyi su da girmansa, ya ciyar da marayun nan uku har suka zama mutane. Ya rayu ya tsufa a Gaya. Waɗanda suka san shi sun ce har ya mutu ba a ƙara jin kalmar Faransanci ko ɗaya daga bakinsa ba.

Darasi: Kada ɗan abin da ka koya a waje ya sa ka raina ilimin da ke cikin gidanku, domin abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kuma in ka yi kuskure, ka ce “ni na yi” tun da wuri. Bututu ya gyaru da tawada, amma ran da ƙarya ta ci babu mai dawo da shi. In akwai wanda ke ɗauke da laifinka a yau, kada ka ce sai gobe, ka je ka wanke shi yanzu. Ku tura wa ’yan’uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda yake jiran ya karanta shi kafin lokaci ya ƙure masa.